Muryar Motar Mamatkul

Shafi na 23

Salamu alaikum, mutanena. Masu cika min akwatin saƙo da “ina ci gaba, ina ci gaba”, ku sassauta min don Allah. Dusar ƙanƙara ce ta tsinka mana wayar wuta kwana uku, sai a gidan maƙwabcinmu mai sola na samu na ɗan ɗura caji. Ke kuma da kika rubuta cewa Burulkan ba ta da imani, karanta wannan shafin tukuna, sannan ki dawo mu yi ta.

*

Tun da sassafe hayaƙi ya turnuƙe gidan marigayi Mamatkul. Yau ce ranar ash, sadakar cikar shekara. An yanka goɗiya, manyan tukwane uku na ta ɓararraka a gindin katanga, mata sun kewaye kaskon mai suna tsame borsok, soyayyen ƙullin fulawa.

Burulkan, matar marigayin, na zaune cikin tantin ulun da aka kafa a tsakar gida, sanye da baƙaƙen kayan da yau za a cire mata. Duk wanda ya shigo gaisuwa da ka take amsa masa. Hankalinta kuwa yana can rumfar bayan gida, kuma a rabe yake biyu.

Rabi yana kan motar.

Da can in namiji ya mutu, dokinsa ake datse wa jela a sake shi, ba mai ɗora masa sirdi sai shekara ta zagayo. Mamatkul bai bar doki ba. Tsohuwar farar Jiguli ya bari, wadda ya yi shekara talatin da shida yana haura dutsen Taldik da ita, ya kai mutane da buhunan dankali garin Gulcha, ya dawo. Ran da aka binne shi Burulkan ta ce to wannan ce dokinsa. Ta sa aka tura ta rumfa, ta lulluɓe ta da shimfiɗar ulu, ta zura makullin a zare ta rataya a wuya. Yau za a yaye shimfiɗar a tayar da ita. Yau za ta sake jin muryar nan da ta yi shekara tana mafarkinta.

Ɗaya rabin kuma yana kusurwar rumfar, ƙarƙashin tsofaffin fatun tumaki, inda wani ƙarfe yake kwance. Ba ta so ɗanta Kubat ya ɗora ido a kansa har abada.

Daga bakin ƙofar gida aka ji wani namiji ya ɗaga kukan da baƙo ke yi in ya doso gidan makoki. Ta gane shi. Usta Rahmatilla ne, bakaniken Gulcha, aminin mijinta tun suna samari. Da ya gama addu'a ya shafa, ta yafito shi da hannu.

“Usta, matso.”

“Jenge, Allah ya ƙara haƙuri.”

Haka yake kiranta, matar yaya.

“Amin. Saurara. Gobe za a buɗe kayansa a raba, Kubat zai kwashe rumfa. Ƙarfen nan da ke ƙarƙashin fatu, ka san shi.”

Usta ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

“In baƙi sun watse, ka loda shi a motarka ka tafi da shi. Ko kyautarwa za ka yi, ko kogi za ka jefa, ba ruwana. Kada dai yaron nan ya gani.”

“Jenge, akwai maganar da ya kamata in…”

“Ba yau ba. Ka yi min wannan kawai.”

Ya buɗe baki, sai ga wasu mata sun shigo da kuka. Ya miƙe ya fita, kafaɗunsa a zube.

*

Ga waɗanda suka shigo labarin a tsakiya, ga abin da ke ƙarƙashin fatun.

Shekara uku da suka wuce Mamatkul ya dawo daga birnin Osh, bayan motar ya durƙushe har yana shafar ƙasa, shi kuma baki har kunne.

“Uwar yara, fito ki ga zuciyar saurayi da na samo wa tsohuwa!”

Ta leƙa but ɗin motar, ta ga wani ƙaton ƙarfe mai ramuka huɗu.

“Mene ne wannan kuma?”

“Bulok, gangar jikin inji. Namu ɗan ƙarami ne, dubu ɗaya da ɗari biyu, ga shi ya gaji. Wannan na motar Niba ne, dubu ɗaya da ɗari bakwai. Dubi ramukan fistin, sun fi namu faɗi, sun fi zurfi. Ga tof-silindarsa nan, kan da ake kifawa a sama. In Usta ya sauke tsohon ya ɗora wannan, wallahi Taldik sai ta riƙa gaishe ni.”

“Muryarta fa?”

“Wace murya?”

“Za ta canja?”

“Za ta ɗan yi kauri mana. Ai girma ne ya zo mata.”

“To ban yarda ba.”

Ya yi dariya har da dafa ciki. Da ya ɗago sai ya ga hawaye take.

“Tun ina amarya nake tsaye a bakin katangar nan da kunne,” ta ce. “Tun daga gada nake jin ka. In ka fita ka kai mararraba, na san ko hagu ka yi wajen Taldik, ko dama wajen cikin gari. In ta yi tarin nan nata sau biyu a hawan masallaci, na ɗora shayi. In ka canja mata murya, da me zan san kana raye?”



“To shi ke nan,” ya ce. “Sai ran da kika yarda.”

Ya shafe ƙarfen da giris, ya lulluɓe da fatu. Bai sake tayar da zancen ba, ko da wasa. Usta kaɗai ya sani.

Sai bara, da tsakar rana, ciwon ƙirji ya kayar da Mamatkul yana faskare. Kubat ya ja motar, ita tana baya da kan mijinta a cinya. Dusar ƙanƙara ta zuba, tsohuwar motar ta riƙa rarrafe da giya ɗaya, ta tafasa sau biyu a kan dutse. Ya cika suna hango rufin asibiti. Likitan ya ce da sun riga haka da rabin awa, da wataƙila.

Rabin awa. Shekara guda ke nan tana kwana tana tashi da wannan rabin awar, ita kaɗai.

*

Bayan azahar, da aka sauke karatu aka shafa, dattawa suka nufi rumfa. Jorobai, wan marigayin, shi ne a gaba yana dogara sanda. Mata biyu suka riƙo Burulkan.

Kubat na tsaye a gefen motar. Dogo ne kamar ubansa, amma shekarar nan ta cinye shi, rigar ma ta yi masa yawa. Matarsa Zuura na bayansa da tulun cikinta, wata bakwai.

Aka yaye shimfiɗar. Ƙura ta tashi. Ga ta nan dai yadda take, har da lotsawar ƙofar baya.

Burulkan ta ciro zaren daga wuyanta ta miƙa masa.

“Ungo, ɗana. Bismillah.”

Da ya karɓa ya kasa haɗa ido da ita. Ta ɗauka kewar uba ce.

Ta rufe ido. Ta san abin da zai biyo baya kamar yadda ta san Fatiha. Za ta yi gurnani sau uku ta ƙi tashi, a na huɗu ta yi tari, sannan ta kama da ƙyas-ƙyas ɗin nan nata mai kama da keken ɗinki.

Ya murza makulli.

Bugu ɗaya ta tashi.

Wani irin ruri mai kauri ya cika rumfar, santsi, ba tari, ba gardama.

“Allahu akbar!” in ji Jorobai. “Shekara guda a kwance, bugu ɗaya! Kai, Mamatkul ya iya riƙon mota!”

Dattawa suka hau murna suna gyaɗa kai.

Burulkan ta buɗe ido.

“Kashe ta.”

Ba wanda ya ji.

“Kashe ta na ce!”

Kubat ya kashe. 

“Wannan ba ita ba ce.”

“Haba ƙanwata,” in ji Jorobai, “ita ce mana. Ga lotsawar da saniyata ta yi mata, har ya mutu bai yafe min ba.”

“Buɗe boneti.”

Kubat ya fito ya buɗe. Ya shiga nunawa da sauri, yana in-ina. Apa yake ce wa uwarsa, ubansa kuma Ata.

“Duba, Apa. Ga murfin sama, na Ata ne. Ga kafireta. Ga shuɗiyar wayar da ya ɗaure da hannunsa, ko taɓa ta ban yi ba. Komai nasa ne.”

Ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta fizge hannunta daga matan da ke riƙe da ita, ta nufi kusurwa, ta kama fatun ta yaye.

Akwai ƙarfe a ƙasa, amma ba wanda ta sani ba.

Wannan ƙarami ne, baƙi ƙirin da tsohon mai, ramukansa huɗu a buɗe, ba komai a ciki. Tsohon bulok ɗin motar ne. An ciro shi an kwantar a makwancin wancan.

Allah sarki.  Ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a kansa, sanyi ƙalau.

“Yaushe?”

“Apa…”

“Yaushe na ce!”

“Da rani. Lokacin da kika je Osh wankan jegon ƙanwata Aijan.”

“Makullin yana wuyana.”

“Apa, Jiguli ko da wutsiyar cokali tashi take.”

Ta waiga ta nemi Usta Rahmatilla a cikin mutane. Yana can baya, ya kasa ɗago ido.

“Har da kai, Usta? Abin da kake ta son faɗa da safe ke nan?”

“Jenge, ki yafe min.”

Sai kukan da ta yi shekara tana dannewa ya ƙwace.

“Shekara guda! Shekara guda ina ƙirga kwanaki! Ban roƙi kowa komai ba. Na ce dai in ji ta sau ɗaya, sau ɗaya tak, in rufe ido in ce ga shi nan ya hawo ta masallaci. Shi ne ka bi bayana ka yanke mata harshe? Me na yi maka, Kubat? Ubanka ya mutu sau ɗaya, yau ka sake kashe min shi a gaban mutane!”

Zuura ta fashe da kuka. Wata tsohuwa ta ce, “Kai yaro, ba ka kyauta ba.”

Kubat ya tsaya ƙiƙam. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

“Ke kina jiran muryarta. Ni shekara guda nake gudun ta.”

“Kubat,” in ji Jorobai, “bi a hankali.”

“Ku bar ni in faɗa! Duk sanda na rufe ido ita nake ji. Tana tari a lanƙwasa ta tara, na take totur har ƙasa, tana jan ciki kamar mai ciwon baya, Ata yana kokawa da numfashi a bayana. Na ce ni ne. Na ce ban iya tuƙi ba. Na ce da na sauke giya da wuri, da ban tsaya zuba wa lagireto ruwa ba, da yana nan. Kin san sau nawa na hau dutsen nan a cikin kaina, Apa?”



Ya nuna Zuura.

“Saura wata biyu ta haihu. Tsakiyar hunturu. In haihuwar ta zo da gardama, da me zan haura da ita? Da murya?”

Ya share fuska da hannun riga.

“Da muka gama ɗaurawa, ni da Usta muka gwada. Giya uku, Apa. Da giya uku ta haye Taldik, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Ban tsaya ba sai ƙofar asibiti. Na duba agogo. Minti arba'in da biyar muka rage.”

Ya ɗaga yatsu kamar zai ƙirga, ya sauke.

“Likita rabin awa ya ce. Na fito daga mota na zauna a ƙasa kamar mahaukaci. Tambayi Usta.”

Burulkan ta ji kamar an zuba mata ruwan ƙanƙara a baya. Lissafin da take yi a ɓoye, ashe shi ya je ya auna shi da agogo.

“Amma ba wannan ne ya fi ƙona ni ba,” in ji Kubat. “Kun san inda na samo bulok ɗin? A nan! Igiya na zo nema na ɗaga fatu. Ga shi a kwance da giris ɗinsa, da tof-silinda, da gaskit, komai a haɗe. Ga kwanan wata da jan fenti, rubutun Ata. Shekara biyu kafin ya mutu!”

Dattawa suka kalli juna.

“Shekara biyu maganin yana kwance a bayan gidansa! Ya samo, ya ajiye, ya koma shan shayinsa. Lalaci ne? Taurin kai ne? Aikin kwana uku fa! Ya kashe kansa da kansa, ya bar ni da ɗaukar gawar a wuyana. Wane irin uba ne…”

“Kul!” Jorobai ya buga sanda a ƙasa. “Ranar sadakarsa? Namansa na kan wuta kana zaginsa?”

“To wani ya gaya min dalili! Wa ya sani? Me ya hana shi?”

Burulkan na durƙushe, hannunta a kan ƙarfen.  Kalma ɗaya ce, amma ta san in ta fita, ɗan nan ba zai sake kallonta da idon da ya saba ba. Shi kaɗai ne namiji. Shi ne zai ɗauki makararta.

Sai ta ji an yi gyaran murya.

“Ni ne.”

Usta Rahmatilla ne ya fito tsakiya.

“Ni na hana shi. Na ce masa ba zai zauna ba. Na ce ya fi tsohon tsawo, boneti ba zai rufu ba, kuma ba zai kama da giyar ba.”

Kubat ya juya a hankali.

“Amma ya zauna.”

“Ya zauna.”

“Da hannunka ka zaunar da shi. Ko guduma ba mu ɗaga ba.”

“Kuskure na yi a wancan lokacin.”

“Kuskure? Kai? Kai da kake gane ciwon inji daga tsallaken titi? Kwana uku muna aiki tare, ina tambayarka me ya hana Ata, kana ce min Allah ne masani?”

“Kunya ce ta hana ni, ɗana.”

“Kada ka sake ce min ɗanka.”

Kubat ya nuna ƙofar gida. 

“Fita.”

“Subhanallahi!” mutane suka ɗauka gaba ɗaya.

“Fita daga gidan ubana. Ba za ka ci naman sadakarsa ba. In na sake ganin ƙafarka a kabarinsa, wallahi sai na manta da furfurarka.”

Jama'a, a garinmu a kori baƙo daga kan shimfiɗar abinci ranar ash? Kafin magariba labarin zai riga shi isa Gulcha. Ba mai sake kai masa mota, ba mai sake zama kusa da shi a masallaci. Dattijo mai shekara sittin da bakwai zai ƙarasa rayuwarsa da sunan wanda ya kashe amininsa.

Usta ya san haka sarai. Ya gyara hularsa, ya juya. Da zai wuce ta gabanta ya ɗan kalle ta ta gefen ido, ya girgiza kai kaɗan. Ki yi shiru, Jenge. Na ɗauka.

Kuma wallahi ta so ta yi shirun. Ba zan ɓoye muku ba, ta so. Ta bar shi ya yi taku ɗaya, biyu, uku, har ya kai bakin rumfa.

Sai ta tuna wani abu da ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

A kan dutsen, lokacin da motar ta yi tari ta kusa mutuwa, Mamatkul ya buɗe ido a cinyarta. Ta ɗauka zai ce kin gani ko. Yana da ikon faɗa. Sai ya matse mata yatsu, ya ce a hankali, “Uwar yara, kin ji ta? Tana ƙoƙari.”

Mutumin da bai zarge ta ba har numfashinsa na ƙarshe, yau ɗansa ya kira shi malalaci a gaban gari. Amininsa kuma yana fita da kunyar da ba tasa ba.

“Usta, dawo.”

“Jenge, bar shi kawai…”

“Dawo na ce.”

Ta dafa tsohon ƙarfen ta miƙe. Ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba.

“Kubat, dube ni. Usta ƙarya yake yi. Ubanka kuma ba malalaci ba ne. Da murnarsa ya shigo da ƙarfen nan, washegari ya so a ɗaura.”

“To me ya hana?”

“Ni ce.”

Har ɓararrakar tukwane ana jiyowa daga tsakar gida.

“Ni na hana shi. Na yi masa kuka. Na ce in ya canja mata murya ba zan ƙara gane dawowarsa ba. Ya ce sai ran da na yarda. Ban yarda ba har ya mutu.”

Kubat ya yi ta kallonta kamar bai ji yaren ba.

“Murya,” ya ce.

“E.”

“Saboda murya.”

“Ina tsoron ranar da zan kasa kunne in ji shiru, ɗana. Tsoron nan ne…”

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

“Wannan zan iya haɗiyewa, Apa. Wataƙila. Ba ki san abin da zai faru ba, ba wanda ya sani.”

Zuciyarta ta ɗan ɗago.

“Amma bayan nan fa?”

“Bayan me?”

“Shekara guda muna gida ɗaya. Kina gani na daina cin abinci. Kina ji ina firgita. Ran sadakar arba'in na durƙusa a gabanki, na ce Apa ki yafe min, ni na kasa kai shi. Kin tuna abin da kika ce?”

Ta tuna. Wayyo, ta tuna.

“Kika shafa kaina kika ce, na yafe maka.”

Zuura ta toshe baki da mayafi.

“Kika yafe min, Apa. Ke. Alhali kin san abin da ke ƙarƙashin fatun nan.”

“Na ji tsoron in rasa ka.”

“Shi ya sa kika bar ni da shi.”

Ta miƙa hannu za ta taɓa kumatunsa. Ya ja da baya taku ɗaya. Tun da ta haife shi bai taɓa kauce wa hannunta ba.

Ya juya wajen Usta, ya sunkuya har ƙasa.

“Usta, ka yafe min. Bakina ya yi maka laifi.”

“Ba komai, ɗana. Amma uwarka ce. Zauna mu…”

Kubat ya riga ya rufe boneti.

“Zuura, shiga mota.”

“Ina za ka?” in ji Jorobai. “Ba a raba nama ba! Ba a cire wa uwarka baƙi ba! Kai ne mai gida yau, wa zai sallami mutane?”

“Zuura.”

Yarinyar ta kalli mijinta, ta kalli surukarta. Ta matso ta rusuna a gaban Burulkan yadda take yi kowace safiya, hawaye na ɗiga a kan takalminta. Sannan ta zagaya ta shiga.

Bugu ɗaya motar ta tashi.

Mutane suka dare. Ta fita ta tsakanin tukwane da tantin ulu, ta wuce ƙofar gida.

Burulkan ta bi bayanta da baƙaƙen kayanta, ba takalmi. Ba ta kira sunansa ba. Ta je bakin katanga, daidai inda duwatsun suka yi santsi saboda dafawarta, ta tsaya, ta juya kunne wajen hanya.

Hanyar tana gangarawa ta bayan masallaci, daga nan ba a ganin komai. Sai gada, sai mararraba. In ya yi dama, gidan iyayen Zuura zai je ko maƙabarta, zai huce ya dawo kafin a kwashe shimfiɗa. In ya yi hagu, Taldik ce, sai Osh, sai inda Allah ya yi.

Ta kasa kunne.

Akwai babbar mota a kan gada. Akwai wata tana tahowa daga gari. Akwai motocin baƙi biyu da suka tashi. Duk ruri ne mai kauri, duk iri ɗaya.

Usta ya iso yana haki, Jorobai na bayansa.

“Jenge, in tayar da tawa in bi shi. Wace hanya ya ɗauka?”

Ta rufe ido, ta ƙara kasa kunne.

“Yi sauri, ƙanwata,” in ji Jorobai. “Ke ce mai kunnen. Hagu ko dama?”

Ta buɗe ido.

“Ban sani ba,” ta ce. “Ban san muryarta ba.”